Bel ɗin Taibatu

Litinin, 7 ga Oktoba, bayan Asuba

Na tada 'Yar Jamus, motar Baba. Ta tashi bugu ɗaya. Na bar ta minti biyar tana ɗumama kamar yadda Baba yake yi, ban taɓa totur ba. Yau kwana shida da ya hau babur ɗin haya ya tafi gona Faru, ya ce zai duba gero ya dawo kafin La'asar.

Wannan tsohon littafin makarantar ƙanwata Zuhura ne, na juya shi ta baya. Aji shida na tsaya, rubutuna ba kyau, amma ba wanda zai duba.

Motar ta girme ni da shekara goma sha biyu. Baba ya saye ta wurin wani injiniya da ya yi aiki a madatsar ruwa, tun kafin a haife ni. Silinda shida, dogon hanci, launin toka. Bai taɓa yin haya da ita ba, bai taɓa kai ta gona ba. Ya ce a zamaninta daga Mafara zuwa Gusau ba motar da ta taɓa nuna mata baya.

Talata, 8 ga Oktoba, hantsi

Inna ta zuba kunun Baba a kofinsa ta rufe da faifai.

Laraba, 9 ga Oktoba, bayan La'asar

Wayar Baffa Mahmud, ƙanin Baba, ita mutanen dajin da ke riƙe da Baba suke kira. In ta yi ƙara sai ya zaga bayan gida. Yau da ya dawo ya ce, "Na ji muryarshi. Lahiya lau yake. Ƙafar ce dai." Ƙafar Baba ta dama tana kumbura in bai sha maganinsa ba. Maganin yana nan kan taga.

Baffa ya ja ni zaure. Ya ce ranar da kuɗin fansar da ake haɗawa ya cika, za a faɗi wuri, can gaba da Janbako, a je a ɗauko shi. Direbobin tasha ba wanda zai yarda ya je. Baba kuma ba zai iya zama kan babur da wannan ƙafa ba.

"Kai za ka tuƙa," in ji Baffa. "Motar dai lahiyarta lau ko?"

Na ce lafiyarta lau. Kowa a unguwar nan ya san yadda Baba ke kula da ita.

Juma'a, 11 ga Oktoba, kafin masallaci

Na tada ta. Ta tashi bugu ɗaya. Amma yau da na kasa kunne na ji wani ɗan kuka daga gaban inji, siriri kamar na gyare. Shekara bakwai ina aiki a injin casar shinkafa, na san kukan abin da ke juyawa in ya gaji.

Na ɗaga bonet. Ban ga komai ba. Sai sunayen nan da ke jikin murfin ta ciki, waɗanda Baba ya karce da ƙusa, ɗaya ƙarƙashin ɗaya: Zaharaddini, Batulu, Bushra, Zuhura, Taibatu. Tun ina ƙarami nake ganinsu. Ban taɓa tambaya ba.

Ni ne ɗan fari, Baba bai taɓa kiran sunana da bakinsa ba. Direba yake ce mini. Nan kaɗai na san ya rubuta shi. Na daɗe ina kallo har Bushra ta leƙo ta ce ruwan wankana ya huce.

Asabar, 12 ga Oktoba, bayan Azahar

Na kai ta garejin Baba Agustin. Shekararsa talatin a Mafara, daga kudu ya zo, kuma ba hannun da ya taɓa cikin motar nan sai nasa. Mun gaisa doguwar gaisuwa. Bai tambayi labari ba, ya riƙe hannuna dai bai saki da wuri ba.

Ya ɗora bakin dogon sukudireba a jikin inji, ya kanga kunnensa a kan ƙotar. Ya ce rolar da ke ɗaure bel ɗin taimin ce take kuka. Sai ya ɗaga kai ya ga sunayen, ya yi dariya.

"Direba, ka san mi ne ne wanga?"

Na ce sunayenmu ne.

"Kalandar ubanka ce. Ranar da ya fara kawo mini ita na ce mishi, Bawa, wagga mota bel ɗinta duk shekara huɗu ake canja shi, ko ya yi kuka ko bai yi ba. Ya ce shi ba ya riƙe kwanan wata. Washegari aka haife ka. Ya ce to shi ke nan, duk ranar suna, in an yanka rago da safe, da yamma zai kawo mini ita. Haka muka yi. Ya zo da goro da ƙafar rago, in canja bel, ya ɗauki ƙusa ya rubuta."

Yana cikin dariyar sai ya tsaya. Ya ɗora yatsa kan sunan ƙarshe.

"Taibatu shekararta nawa yanzu?"

"Takwas."

Ya ajiye sukudireban a hankali. "Ni ma da laihina. Ina zaune ina jiran Bawa ya shigo da goron suna."

Na ce a wurin aikinmu in bel ya tsinke, inji tsayawa kawai yake yi, a sa wani. Ya ce wannan ba haka take ba. Bel ɗin shi ke hana fistin da bawul haɗuwa. In ya tsinke tana gudu, cikin ƙiftawar ido za su daki juna, kan inji ya tashi aiki, a inda take nan za ta kwana. Zai iya kai wata shekarar, zai iya tsinkewa gobe. Daga waje ba a gani.

Ya lissafa mini. Bel dubu talatin da takwas. Rola ashirin da bakwai. Famfon ruwa hamsin da biyar, don shi ma sa'an Taibatu ne, kuma sai an kwance duk gaban inji ake isa gare shi, ba a so a kwance sau biyu. Gasket da ruwan lagireto goma sha biyar. Daga Kano za a aiko.

"Kuɗin hannu kar ka ma ɗauko maganar. Amma kaya ba ni ke ƙera su ba."

Ya ce in mayar da ita gida a giya ta biyu, kuma in daina tada ta. Duk tashi ɗaya yana cin bel.

Lahadi, 13 ga Oktoba, bayan Asuba

Ban tada ta ba. Na goge gilashi kawai.

Litinin, 14 ga Oktoba, yamma

Na hau babur na je Bakura, wurin wani bakanike da aka ce yana da sauƙi. Mutumin kirki ne, har shayi ya saya mini. Ya ce bel kaɗai zai canja, kaya da aiki dubu arba'in da biyar. Na ce rola fa? Ya ce a cusa mata giris ta yi shiru. Na ce famfo? Ya ce yana yoyo? Na ce a'a. Ya ce to mi ya haɗa ni da shi.

Bai ga motar ba ya yanke kuɗi. Da ya ɗauko bel ɗin, na ga kwalin ya sha rana har rubutun ya koɗe, na lanƙwasa shi na ji ya yi tauri.

Duk hanyar dawowa ina ta auna abin. Arba'in da biyar ina da ita a hannu. Ɗari da talatin da biyar sai na sayar da ragona, wanda nake kiwo tun bara don maganar aurena. Ko kuma in bar ta haka, tunda shekara takwas bai tsinke ba, me zai sa ya zaɓi rana ɗaya tak.

Sai na riƙa tuna hanyar nan bayan Janbako, inda kwalta ta ƙare, dawa ta rufe hagu da dama. Na ga kaina tsaye da bonet a buɗe, Baba a kujerar baya.

Talata, 15 ga Oktoba, bayan Azahar

Ashe Baffa ya riga ya sa ragon cikin abin da ake haɗawa. Ya zo da igiya zai kai shi kasuwa. Na faɗa masa maganar bel.

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. "Motar da ke tashi bugu ɗaya, mi za a gyara mata? Ana maganar ran mutum kana maganar roba? Na sayar da shanuna biyu, Zaharaddini. Batulu ta aiko da kekenta na ɗinki. In abin bai cika ba saboda ragonka, wa za ka ɗauko a motar?"

Gaskiya ya faɗa. Na ce dai a ba ni zuwa wata Talatar. Ya jefar da igiyar ya fita. Idonsa ya yi ja. Shi Baba ya goya ya kai makarantar allo, kowa ya sani.

Alhamis, 17 ga Oktoba, hantsi

Waya ba ta yi ƙara ba. Ban tada ta ba. Kunu ya huce a kofi.

Juma'a, 18 ga Oktoba, bayan La'asar

Inna ba ta yi mini magana kai tsaye sai dole. Ina ba rago dusa, tana tsince shinkafa, ta ce, "Taibatu, tambayi yayanki mi ya hana motar kuka kwana shida."

Ban san tana saurare ba. Ashe duk safiya da wannan ƙarar take tashi daga kan sallaya.

Na yi wa Taibatu bayani da ƙarfi yadda Inna za ta ji, har maganar sunaye da goron suna. Taibatu ta ce, "To ni ce na lalata motar?" Bushra ta ce, "Ke ce, da kika ƙi yin ƙane." Sai muka ji Inna tana dariya. Ta rufe baki da gefen zane tana dariya har hawaye suka zo, daga nan kuma ba dariyar ba ce.

Da ta share ido ta ce wa tiren shinkafa, "Ranar sunan kowannenku, baƙi cike da gida, a nemi mai gida a rasa. Shina gareji. Shekara ashirin ina yi mishi mita." Ta ɗan tsaya. "Taibatu, ce wa yayanki mutumin nan bai iya tahiya da ƙafa. In mota ta tsaya, ya tsaya. Ya yi abin da ubanshi zai yi."

Talata, 22 ga Oktoba, yamma

Na sayar da ragon dubu ɗari da sittin. Da mai saye ya ja igiya, ragon ya waiwayo yana nemana. Na ba Baba Agustin na kaya, sauran na kai wa Baffa. Ya karɓa ya sa a aljihu.

Alhamis, 24 ga Oktoba, bayan Azahar

Kaya sun iso a motar Kano. Baba Agustin ya zo gida da akwatin sifanoninsa, ya ce ba za a sake tada ta ba ko zuwa gareji, a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida zai yi aikin. Mun cire lagireto, mun cire fanka, mun buɗe murfin bel.

Ya zare tsohon ya miƙo mini. Bayansa ya tsattsage kamar dunduniyar manomi. Da na juya shi na lanƙwasa, haƙora uku suka ɓalle suka faɗo tafin hannuna. Rolar kuwa da ya juya ta da yatsa sai ta yi ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani.

Baffa yana zaune a kan dakali yana yi kamar ba ya kallo. Na je na ajiye haƙoran uku a gefensa na dawo. Can na ga ya ɗauki ɗaya yana murzawa.

Amma famfon da aka aiko ba nata ba ne. Ramukan ƙusa ba su hau ba. Tsohon kuma da aka cire, fiffikensa ya cinye saura kaɗan, ba ya komawa. Baba Agustin ya kira Kano ya yi faɗa da harshe uku. Sun ce sai an nema, motar ta tsufa.

Juma'a, 25 ga Oktoba, bayan masallaci

Waya ta yi ƙara. Sun yarda da kuɗin da ke hannu. Litinin da hantsi za a je ɗauko Baba.

Motar tana ƙofar gida, cikinta a shimfiɗe kan buhu.

Baffa ya dube ta, ya dube ni. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Asabar, 26 ga Oktoba, Azahar

Da ban taɓa ta ba da yanzu tana tashi. Na rubuta wannan don in ban rubuta ba zai yi ta yawo a kaina.

Asabar, bayan La'asar

An samu famfon. Mutumin Baba Agustin ya ciro a jikin wata irinta da ta yi hatsari, ya ce sabo ne aka sa mata kafin ta faɗi. Ya ba direban motar Sakkwato mai tashi da asuba.

Lahadi, 27 ga Oktoba, kafin Magariba

Tun ƙarfe tara nake bakin titi. Ƙarfe ɗaya saura direban ya miƙo mini ƙunshin ta taga, ko tsayawa sosai bai yi ba.

Baba Agustin ya zo kai tsaye daga coci, da farar rigarsa. Ya tuɓe ta ya rataye a reshe. Matarsa, Maman Shalom, ta biyo shi da kular abinci ta shige wurin Inna. Na ce masa yau ranar hutunsa ce. Ya ce, "Na riga na gaya ma Mai ranar. Miƙo sifana sha uku."

Ramuka sun hau. Ya daidaita alamomin taimin, ya sa ni na duba da idona, ya juya inji da hannu zagaye biyu, ya sake dubawa. Ya ce Bawa ma haka yake tsaya masa a ka kamar mai jiran canji.

Na murza makulli. Ta tashi bugu ɗaya. Kukan gyaren babu. Na ji motsi a bayan ƙyaure, na san ko wace ce.

Mun je har mararraba mun dawo, allurar zafi ba ta wuce tsakiya ba. Baba Agustin ya tsinci ƙusa a ƙasa ya miƙo mini. Na ce a'a, ba rubutuna ba ne.

Litinin, 28 ga Oktoba, bayan Asuba

Na sa maganin Baba a mota, da ruwa, da takalmansa. Inna ta aiko Taibatu da kunu a fulas.

Litinin, bayan La'asar

An ce mu tsaya gindin wata tsamiya, kar mu fito, kar a kashe inji. Ni da Baffa, kuɗin an riga an aika. Mun fi minti arba'in. Rana ta take, mota tsaye tana aiki, ba iska. Ban kalli dawa ba, allurar zafi na kalla. Ba ta motsa ba. Baffa yana jan carbi, a ɗaya hannun kuma na ga haƙorin bel ɗin nan ne yake murzawa.

Sai ga shi ya fito daga cikin karan dawa, shi kaɗai, yana dogara sanda. Rigar jikinsa ba tasa ba ce. Sauran abin da na gani ba zan rubuta ba.

Baffa ya manta da abin da aka ce, ya fita ya ɗauko shi cak kamar yaro. Na juya mota. Ramukan nan na bi su a hankali, ina jin numfashinsa a bayana. Da tayoyi suka hau kwalta Baffa ya ce, "Taka ta, Direba." Bai taɓa kirana haka ba. Na taka. Ban san haka take ba. Ta shimfiɗa hanci, itatuwa suka riƙa wucewa, sitiyari ko rawa bai yi ba.

Har muka wuce Janbako Baba yana jingine a kujerar baya. Ya sha kunu, idonsa a rufe, na ɗauka barci ne. Sai na ji muryarsa, ta shaƙe ƙwarai.

"Direba. Rage gudu in ji."

Na rage. Ya karkata kai wajen inji.

"An canja mata bel." Ya buɗe ido. "Wa ya haihu?"

Baffa ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa suna rawa. Ni dai na riƙe sitiyari da hannu biyu, don hanya ta fara yi mini ruwa-ruwa.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, hantsi

Kwana uku a asibiti, jiya aka sallamo shi. Ƙafar za ta warke, in ji su. Ba ya son a rufe ƙofa, kuma in waya ta yi ƙara sai ya daina tauna. Ba mu tambaye shi komai ba.

Yau ya ce a fitar masa da kujera ƙofar gida, a ɗaga bonet. Baba Agustin ya zo da tsohon bel ɗin a leda. Suka daɗe suna kallonsa su biyu.

"Shekara takwas, Bawa."

"Ai kai ne bakanike."

"Kai ne ka daina kawo goro."

Baba ya ce in ba shi ƙusa. Na riƙe shi ya miƙe. Ya daɗe yana karcewa a ƙarƙashin sunan Taibatu. Da ya matsa na karanta: Bawa.

Taibatu ta ruga cikin gida tana cewa an yi wa Baba suna. Daga bayan ƙyaure Inna ta ce, "To a tambaye shi ina ragon sunan."

Baba ya dubi turken ragon da ba komai, ya dubi injin, sannan ya dube ni. Ashe an gaya masa.

"An yanka," ya ce. "Ga shi nan ciki yana juyawa. Zaharaddini, tada ta in ji."

Sai da na murza makulli sannan na gane abin da ya kira ni. Ta tashi bugu ɗaya.